Gaisuwar Suruki Cikin Kakin Soja

Na ga saƙonninku, jama'a. Wasu na cewa Asabe taurin kai gare ta, wata baiwar Allah ma ta rubuto wai da ita ta haife ni da tuni ta fasa mini baki. Na gode, 'yar'uwa. Wadda ta haife ni ɗin ma ta so ta fasa, Allah ne bai ba ta iko ba. Yau zan faɗa muku abin da na aikata a shekarar 1979, ba zan rage komai ba, kuma ba afuwarku na zo nema ba.

Ga wanda bai san ni ba, lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina koyarwa a wata firamare, muna zaune a gidan gwamnati a Unguwar Rimi. Babana Malam Nuhu ma'aikaci ne a sakateriya, mutumin jarida da rediyo, wanda in ya fara bayanin duniya sai shayi ya huce. Mamana Habiba kuwa haifaffiyar Njamena ce, babban birnin Chadi, daga cikin Hausawan can. Shekara talatin tana Kaduna amma ba ta bar lafaya ba, ba ta bar turaren wuta ba, in ka shigo gidanmu sau ɗaya sai rigarka ta kwana biyu tana ƙamshi. Ɗan'uwanta guda ya rage a duniya, yayanta Kawu Inuwa, mai gyaran rediyo a can garinsu.

Sai kuma Hamisu. Laftanan ne a soja, dogo, baƙi, mai wushirya. Hmm, ku bar ni kawai. An kawo lefe, fantimoti uku jere a ɗakin Mama, an sa biki watan Afrilu. Ina cikin zaɓen ɗinki sai yaƙi ya ɓarke a Njamena, 'yan ƙasa ɗaya suka raba gari biyu suna harbin juna. Aka zauna sulhu a Kano, aka ce sojojinmu za su je su tsaya a tsakani. Sunan Hamisu ya fito cikin masu tafiya, aka ɗaga biki.

Ranar da ya zo sallama, bayan la'asar ne, zafi kamar a gasa mutum. Ya jingina Basfarsa gindin mangwaro, ya cire takalmi, ya durƙusa a falo. Ni ina bayan labule da tire a hannu, na sha atamfa ruwan goro da ɗaurin da na yi kusan awa ina gyarawa.

Baba sai fara'a yake. “Aikin alheri za ku. Maƙwabci na yanka ɗan'uwansa, kai kana da ƙarfi, ka naɗe hannu? Allah ma sai Ya tambaye mu.”

Mama tana zaune can gefe, ta juya rabin fuskarta saboda kunyar suruki. Ban zaci za ta yi magana ba, sai na ji ta ce, “Malam, wa ya kira su?”

“Manyansu suka sa hannu a Kano.”

“Manyan da ke harbin mutane? Su ne suka sa hannun. An tambayi mai sayar da gawayi? An tambayi yayana? Ina yarinya sojan Faransa na garin namu, su ma cewa suke tsaron mu suke yi. Har yau suna can suna tsaron, mutane na mutuwa.”

Hamisu kansa na ƙasa ya ce, “Mama, mu ba mulki za mu je yi ba. Raba faɗa ne. An ce yara na mutuwa a kan titi.”

“Na yarda da zuciyarka, ɗana. Bindigar ce ba ta san zuciyarka ba. Ka iya Larabcinsu? Ka san wane ne ɗan wane? In mutum ya yi maka murmushi ka san ko na tsoro ne?”

Ya ce bai sani ba.

“To abu ɗaya nake roƙon ka. Kada ka nemi gidan yayana. Ba saƙo, ba gaisuwa. Ka yi kamar ba ka san ina da kowa a garin ba.”

Ku da kuka san al'ada ku faɗa mini, ina aka taɓa yin haka? Mutum zai je garin kawun matarsa, a ce kar ya taka ya gaishe shi? Ko direban mota ne zai yi gabas, Mama sai ta ƙulla masa kuka da daddawa ya kai. Sai a kan Hamisu ne za a ce ba saƙo? Zuciyata ta ba ni amsa ɗaya: kunyar sa take ji. Dama tun farko ba ta so in auri soja ba, yanzu kuma tana ɓoye shi kar danginta su gan shi. Haka na fassara, kuma na hau kai na zauna.

Da na raka shi gindin mangwaro na ce, “Laftanan, za ka je.”

“Ina?”

“Gidan Kawu.”

“Asabe, ba ki ji abin da Mama ta ce ba?”

“Na ji. Ka je garin ka yi wata da watanni, ka dawo, gobe Kawu ya zo biki a ce ga surukin da ya kwana a garinku bai leƙo ba? Da wane ido zan kalli dangi? So take a ce na auri marar tarbiyya.”

Ya tsaya yana murza makullin Basfa. Ni kuwa na riga na zaro takarda daga jakar makaranta, na zana masa kwatance yadda Mama ta sha ba mu labari: bayan babbar kasuwa, layin maɗinka, ka tambayi Inuwa mai rediyo. Na ce in bai je ba, to kar ya rubuto mini wasiƙa, ba zan buɗe ba. Har da ɗan hawayena na dole. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba.

Kun gani ko? Ni ce. Ku riƙe wannan.

Lokacin babu wayar hannu, wasiƙa ce, ta adireshin makaranta yake aiko mini. Ta farko duk zafi da sauro ce, da cewa hotona na cikin hularsa. Ta biyu ya ce sun buɗe wata hanya da aka toshe, mata sun samu sun kai ga kogi ɗibar ruwa, wata tsohuwa ta kama hannunsa tana sa masa albarka da yaren da bai ji. Na karanta wa Baba wannan wurin, ya buga cinya ya ce, “A gaya wa uwarki!” Ta uku ita ce na ɓoye a ƙasan akwati.

“Na cika umarnin gimbiya,” in ji shi. “Ba a bar mu mu fita da kayan gida, kuma ba a fita mutum ɗaya, don haka da jif muka je, ni da yarana sojoji uku. Na kai goro ƙwarya guda da turmin shadda. Layin ya cika da 'yan kallo. Kawu ya sa an yanka kaza, ya yi mini addu'a sosai. Sai dai kamar ba shi da lafiya, gumi yake ta yi, idonsa na kan ƙofa, kuma bai rako ni waje ba. Na ce masa a kasuwa na yi tambaya aka nuna mini gidan, don kar Mama ta yi miki faɗa.”

Ni shashasha har rawa na taka a ofishin malamai. Na ce yawwa, yanzu dangi sun ga irin mijin da na samo.

Ƙarshen watan Mayu, ranar wata Alhamis, na dawo daga makaranta da rana tsaka na ga tasi a ƙofar gida. A tsakar gida na tarar da wata mata zaune a ƙasa dirshan, lafayarta ta yi baƙi da dauɗa, ƙafafunta duk sun faffashe. Sai da ta ɗago na gane Inna Hassana ce, matar Kawu. Mama na riƙe da kafaɗunta tana jijjiga ta.

“Ina Yaya? Hassana, ina Yaya?”

“Sun tafi da shi, Habiba. Yau kwana ashirin da shida.”

“Su wa?”

“Masu riƙe da unguwarmu. Kwana biyu da zuwan surukinku suka zo da hantsi. Suka ce motar sojan waje ta tsaya a ƙofarsa, shi kuma mai rediyo ne, wai da na'urorin nan yake aika musu labari. Suka kwashe rediyon mutane kaf, suka sa shi a mota ko hula babu.”

Mama ta ce, “Surukinmu?” a hankali, kamar ba ta san kalmar ba.

“Ya zo gaisuwa. Yaro mai ladabi, wallahi, har ƙasa ya durƙusa. Tun da yayanki ya ji tsayuwar motar ya ce mini, Hassana, mun shiga uku. Na ce to ka ce ba ka nan mana. Ya ce in kori mijin 'yar Habiba daga ƙofata? Gara duk abin da zai faru ya faru. Ya ce in kama kaza.”

Ta ce Hamisu ya dawo da ya ji labari, ya yi ta kai-kawo, manyansa suka ce ba a turo su shiga rikicin unguwa ba, in suka taɓa wani ɓangare sulhun ya rushe. Ita kuwa da maƙwabta suka daina amsa mata sallama, sai ta haye kogi a kwalekwale zuwa Kusiri ta ƙasar Kamaru, daga nan ta bi motocin shanu har Maiduguri.

Ina tsaye da rajistar aji a hannu, duk a kunnena. Tsoro na ji, tsoro na gaske, da wata irin kunya da ban taɓa sani ba. Mama ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta gyara lafayarta ta ce, “Na roƙe shi. A falon nan na roƙe shi, da bakina.” Ta juyo ta dube ni. “Ke, auren nan babu shi.”

Kwana tara na yi da maganar a bakina. In na buɗe baki sai in ga Inna Hassana zaune a kan tabarma tana jan carbi, sai in haɗiye. Baba ya yi ta lallashi, yana cewa kuskure ne na yaro mai kyakkyawar niyya, kar a ɗora wa aikin gaba ɗaya laifi, ai an ceci rayuka.

Mama ta ce, “An ceta, ban musa ba. Amma da suka shiga, sun san ta inda za su fita? Mai ƙarfin tsayar da mota a ƙofar mutum, ya rasa ƙarfin dawo da shi gidansa? Su za su hau jirgi su dawo, Malam. Mu ne za mu zauna da abin da suka taka.”

Ba a rufe mako ba rediyo ya faɗa: masu mulkin can sun ce sojojinmu su tattara su bar musu ƙasa. Baba ya kashe rediyon. Mama kuwa ta aika unguwar Kinkinau gidan su Hamisu, ta ce a zo a kwashe lefe.

Ranar Asabar suka zo da hantsi, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk laka. Gwaggonsa ce ta zo, da yayansa Garba wanda ya tuƙo ta a motarsa ta ɗaukar kaya. An fito da fantimoti ukun nan an jera a falo. Ni aka ce in zauna a ɗaki. Na buɗe akwati na ɗauko leshin da na fi so, fari mai ratsin shuɗi, na ɗaura, na zizara kwalli, na ɗauko wasiƙa ta uku, na fito.

Mama ta ce, “Koma.”

“Ba zan koma ba, Mama.”

Ban taɓa ce mata ba zan yi ba, tun da aka haife ni.

“Ba shi ya nemi gidan Kawu ba. Ni na zana masa kwatance da hannuna. Ya ce Mama ta hana, na ce in bai je ba kar ya ƙara rubuto mini. Ƙarya ya yi wa Kawu da ya ce a kasuwa ya tambaya, ni yake rufa wa asiri. Ga wasiƙar, Baba ya karanta.”

Inna Hassana ta saki salati. Baba ya sa tabarau, ya karanta, ya cire, ya rasa inda zai ajiye shi. Mama ta taso ta tsaya a gabana, har ina jin ƙamshin humrarta.

“Don me?”

“Na zaci kunyar sa kike ji.”

Marin da ta yi mini, sai da ɗankunnena ya faɗi ƙarƙashin kujera. Ban kauce ba, ban kuma dafe kuncin ba. Na ce, “Ki ƙara, Mama, na cancanta. Amma ba za a kore shi a kan laifina ba. In akwai wanda za a fitar daga gidan nan, ni ce.”

“Ke kika zana, shi ya tuƙa motar,” in ji ta. “Ke yarinya ce a Kaduna, ba ki ga garin ba. Shi ya gani da idonsa, ya ga yadda ake kallon su, ya kuma tafi da bindigogi huɗu gaisuwa. A kwashe kayan nan.”

Duk wannan abin Yaya Garba na durƙushe bakin ƙofa, yana juya hularsa a hannu. Tun shigowarsa na lura idonsa ja ne, na ɗauka kunya ce. Sai ya yi gyaran murya.

“Baba, a gafarce ni. Akwai maganar da na so in faɗa maka a keɓe, amma tunda abin ya kai haka, gara kowa ya ji. Jiya wani abokin aikinsa ya zo gida da jakarsa. Rundunarsu ta dawo. Hamisu ba ya ciki.”

Na ce, “Ya mutu?”

“Da ransa. Ranar da za su taso aka nemi shi aka rasa. Kakinsa da bindigarsa ya bari a kan gado, a ninke, da wannan.”

Ya miƙo 'yar takarda. Ban jira an ba Baba ba, na fizge. Layi huɗu ne, na karanta da ƙarfi don kowa ya ji:

“Asabe, da kaki na je na jawo masa, da kaki kuma an hana ni neman sa. Na samu labarin inda ake tsare da su, wani mahauci Bahaushe zai shige mini gaba. Ba zan shigo Kaduna ba sai da Kawu, ko da labarinsa na gaskiya. Ki ba Mama haƙuri, ita ce ta fi mu sani.”

Baba ne ya fara miƙewa. Mutumin da ya yi kwana tara yana kare Hamisu, sai ga shi jijiyar wuya ta tashi.

“Gudu ya yi daga aiki! Kun san hukuncin wannan kuwa? Kotun soja ce, kurkuku ne, in ma ya dawo da rai. Ƙasa ta aike ka, ƙasa ta ce ka dawo, kai ka tuɓe mata kaya ka ajiye? Ni ma'aikacin gwamnati ne, gobe a ce surukina maguji ne? Garba, ɗauki kayanku. Yanzu ni na ce a ɗauka.”

Oho, su Baba manya! Da yaron ya shiga ƙasar mutane da bindiga, aikin alheri ne. Da ya ajiye ta ya tsaya gyara ɓarnar da muka yi, ya zama abin kunya. Raina ya ɓaci har na daina jin zafin marin. Na taka na je na zauna a kan babban fantimotin, na harɗe ƙafa, na gyara ɗaurina.

“Asabe, tashi.”

“Baba, ka yi haƙuri. Sai dai Yaya Garba ya haɗa da ni ya sa a mota.”

“Ni kike faɗa wa haka?”

“In shekara goma za su ɗaure shi, zan kai masa abinci shekara goma. In bai dawo ba, a bar ni da kayana in san na taɓa samun miji. Ni na tura shi, ba zan tsaya a nan ina kallo a mai da shi bare ba.”

Gwaggonsa sai “ikon Allah, ikon Allah” take. Baba ya ɗaga hannu ya nuna wa Garba sauran biyun. Garba ya miƙe jiki a sanyaye, ya kama hannun ƙaramin fantimotin.

“Ajiye.”

Mama ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi takardar daga hannuna, ita da ba ta iya karatun boko ba, ta tsura mata ido kamar mai neman fuskar mutum a ciki.

Baba ya ce, “Habiba, ke fa kika aika a zo a kwashe.”

“Ni na aika. Yanzu na fasa. Duk ƙasar nan da manyanta da jiragenta, mutum ɗaya ne ya tsaya neman yayana. Ba za a fitar da kayansa daga gidana yana can ba. In ka ga dama, Malam, ka fitar da mu mu uku, ni da Asabe da Hassana.”

Ta ƙulle takardar a bakin lafayarta. Ni kuwa hawayen da na riƙe tun safe suka ɓalle, na zamo daga kan fantimotin zan kama ƙafarta, na ce, “Mama, na gode.”

Ta ja da baya, hannuna ya dafe siminti.

“Kar ki gode mini. Shi na tsaya wa, ba ke ba. Daga yau kar in ji kin kira ni Mama, sai ranar da Yaya Inuwa ya shigo gidan nan da ƙafarsa.”